Ofishin lauyan da ya tsaya wa ƙanina a Jidda

Akwai wani ofishin lauyoyi a Jidda, hawa na biyu a wani bene da ke gefen titin Madina, wanda nake so 'yan uwanmu mazauna ƙasar nan su ji labarin aikinsa. Ba zan kama sunansa ba, domin duk wanda ya san mu, da ya ji sunan ofishin zai gane gidan, kuma a cikin maganar akwai mace da yara da ya kamata a rufa wa asiri. Su ne suka riƙe shari'ar ƙanina lokacin da aka tuhume shi da dukan matarsa.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi a bakina: ƙanina ya mare ta. Wannan ba ƙage aka yi masa ba. Tun da aka rushe unguwannin Gulail da Karantina da Sabil tsakanin 2021 da 2022 mutanenmu suka warwatsu, haya ta ninka, shi kuma direban motar kamfani ne, albashinsa bai motsa ba. Rigima ta tashi kan kuɗin haya, ya mare ta, ya ture ta, ta faɗi a kan hannunta, wuyan hannun ya kumbura. Maƙwabciya ta kai ta asibiti, asibiti kuma doka ta ɗora musu su sanar idan suka ga alamar cin zarafi. Ni mace ce, na yi zaman aure, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tsadar haya ba ta mari kowa ba, hannunsa ne ya yi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma kafin maganar ta isa wurin askarawa, wato 'yan sanda, ta riga ta yi kumburi: wasu cikin danginta sun ce shekaru ya yi yana jibgarta, yana kulle ta ba abinci, har tabon da ke goshin ɗansu na fari suka ce bel ne. Ya kwana a ofishin shurɗa, wato na 'yan sanda, ya dangwala hannu a takardar Larabci da bai iya karantawa sosai ba, aka sake shi bisa kafala, wato beli.

Shawarar farko da mutanenmu suka kawo ita ce a nemi wani mu'aƙƙib, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, da aka ce ya san hanya. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku kai shari'ar laifi wurin mu'aƙƙib. Aikinsa bin takardu ne, ba tsayawa gaban alƙali ba. A ƙasar nan lasisin lauya na ɗan ƙasa ne, Ma'aikatar Shari'a ke bayarwa, kuma sunayen masu lasisi suna cikin Najiz, shafin ma'aikatar na intanet, kowa zai iya dubawa a wayarsa. Abin da ya fara kwantar mini da hankali a wannan ofis shi ne ban ma tambaya ba, magatakardan ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya nuna mini sunan mai ofishin da lambar lasisinsa. Wakala ma, wato takardar wakilta lauya, a Najiz ƙanina ya yi ta, yana zaune, da shigar Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnati, a wayarsa.

Zaman farko riyal 300 ne. Lauyan dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan fara'a. Suna da wani saurayi haifaffen Makka, asalinsu Kano, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci amma ana ganewa, shi ke yin tafinta. Dattijon ya tambayi ƙanina kai tsaye ko ya dake ta. Ƙanina ya fara kewaye-kewaye: "Ustaz, ai ka san halin mata, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." Mutumin ya ajiye biro, ya naɗe hannu, ya ce a gaya masa cewa rahoton likita yana gaban mai bincike, idan ya ɓoye masa gaskiya a ɗakin nan, zai ji ta a wurin da ba zai iya taimakonsa ba. Ɗakin ya yi tsit. Ƙanina ya dube ni ya ce, "Yaya, in faɗa?" Na ce masa, "Faɗi, ai don haka muka zo." Ya sunkuyar da kai ya ce ya mare ta sau ɗaya, ya ture ta. Sai dattijon ya ɗauki bironsa ya ce yanzu za a iya aiki.

Daga nan ya warware mana dokar, kuma wannan bayanin kaɗai ya ci kuɗin zaman. Dokar kariya daga cutarwa ta fito a 2013, hukuncinta ɗauri daga wata 1 zuwa shekara 1, da tara daga riyal 5,000 zuwa 50,000, ko ɗaya daga cikinsu, kuma ana ninkawa idan mutum ya sake. Ba duka kaɗai ta ƙunsa ba: tsoratarwa, ƙuntata wa mutum a zuciya, da hana iyali abin da ya wajaba a kanka na ci da sha duk suna ciki. A 2022 aka ƙara mata nauyi, ɗaurin ya koma shekara 1 zuwa 5 idan wanda aka cutar mai naƙasa ne, ko uba ko uwa, ko wanda ya haura shekara 60, ko mai ciki da cikin ya zube sanadin haka. Sannan ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya na rahoton likita, wurin da ake rubuta tsawon jinya. Idan ya wuce kwana 21, laifin ya shiga sahun manyan da ake tsare mutum a kansu, sai fa in mai haƙƙi ya yafe. Nata kwana 10 aka rubuta. Da yawanmu a nan ba mu san cewa wannan layin ne ke raba mai kwana a gida da mai kwana a tsare ba.

Ya kuma raba mana haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin matar, wanda ita kaɗai za ta iya yin tanazul, wato yafewa, a kansa, akwai kuma haƙƙin hukuma, wanda Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, ke bi ko da matar ta yafe. Mu a gida mun saba da a tara manya, a ba da haƙuri, magana ta mutu. A nan haƙurin yana da amfani, amma ba ya rufe fayil shi kaɗai.

Gargaɗi biyu ya yi mana da kakkausar murya, kuma a nan ne na fara ganin girmansa. Na farko, kada wani daga cikinmu ya je ya matsa wa matar ta janye, ko ta waya, ko ta aike, ko ta hanyar tsoratar da ita da maganar iƙama, wato takardar izinin zama, da yara. Ya ce idan muka yi haka zai ajiye shari'ar. Na biyu, akwai wani saƙon murya nata da ta aiko cikin fushi, wanda wasu a danginmu ke so a watsa a guruf-guruf na WhatsApp don a san ita ma ba kanwar lasa ba ce. Ya ce dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta ɓata suna ta waya da ɗaurin da zai kai shekara 1 da tarar da za ta kai riyal 500,000, kuma ko babu doka, uwar 'ya'yan wanda yake karewa ce. Wannan jumla ta ƙarshe ta zauna mini. Kuɗinmu ya karɓa, amma bai yarda a wulaƙanta ta ba.

Ranar Niyaba ya nemi a kawo tafinta tun kafin a fara, don kada a sake dangwala hannu a abin da ba a fahimta ba. Doka ta ba wanda ake tuhuma damar lauya a lokacin bincike da lokacin shari'a, amma lauya ba ya tsoma baki sai da izinin mai bincike, don haka kada ku zaci za ku ga ana ɗaga murya. Ya zauna ya saurara, daga baya ya shigar da bayaninsa a rubuce. Ainihin aikin kafin ranar aka yi shi, kuma aikin tattara takardu ne mai gajiyarwa. Ya sa muka tono takardar asibitin da aka ɗinke goshin yaron lokacin da ya faɗo daga keke, da kwanan wata a jiki. Ya sa ƙanina ya fitar da bayanan banki da ke nuna kuɗin cefane da yake tura mata duk wata, da kwangilar haya ta Ejar, shafin rajistar haya na gwamnati, da sunansa. Maganar bel da maganar hana abinci suka faɗi da kansu. Kuma in faɗi gaskiya a kan matar ƙanina, Allah Ya saka mata: da aka karanta bayaninta, ita ba ta taɓa cewa ya daki yaron ba. Abin da ya faru ta faɗa, ba ta ƙara ko gishiri ba. Masu taya ta fushi ne suka ƙara. Marin da turin kuwa lauyan bai yi yunƙurin musantawa ba, ya sa ƙanina ya amsa su da bakinsa, ya nemi sassauci bisa cewa wannan ne karo na farko.

Sulhu ta hannun kawunta ya zo, dattijo mai sayar da turare a Balad, tsohon garin Jidda, kuma shi ya neme mu, ba mu muka neme shi ba. Na ce masa, "Kawu, mu masu laifi ne, duk abin da ta gindaya mun ɗauka." A ofishin akwai lauya mace, matashiya, ita ta rubuta sharuɗɗan. Sai a 2013 aka fara ba mata lasisin lauya a ƙasar nan, kuma na ga amfanin hakan da idona, domin ita ce ta dage a rubuta cewa nafaƙa ta banki za ta riƙa shiga duk farkon wata, kuma matar za ta zauna gidan kawunta har sai ta ga dama da kanta, ba wanda zai sa mata ranar komawa. Bayan haka ta yi tanazul, a gaban hukuma, da bakinta.

Zaman kotun laifuka ta bidiyo aka yi shi, ƙanina yana zaune a ofishin lauyan. Alƙali ya yanke tarar riyal 5,000 da rubutaccen alkawarin ba zai sake ba. Akwai kwana 30 na ɗaukaka ƙara, amma dattijon lauyan ya ce hukuncin ya dace da abin da aka aikata, ɗaukakawa ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya fi hana mu barci tun farko shi ne tarhil, wato kora daga ƙasa, domin baƙon da kotu ta kama da laifi yana iya rasa zamansa, yara kuma a nan aka haife su. Na tambaye shi har na gaji, bai taɓa ce mini "kada ki damu" ba. Kullum amsarsa ita ce wannan ba a hannunsa yake ba, zai yi abin da zai iya. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Ƙanina dai yana nan, yana kan aikinsa.

Yanzu kuɗi da aibi, don ofishin ba mala'iku ba ne. Shari'ar gaba ɗaya riyal 12,000 suka yanka, da harajin kashi 15 ya zama 13,800, rabi kafin a fara, sauran kashi biyu. Ga direba wannan albashin watanni ne. Sai da na sayar da awarwarona muka cike. Sun ba da rasit a kan kowane biya, wannan na yaba. Amma samunsu a waya wahala ce. Ka aika saƙo da safe, ka ga an karanta, amsa sai gobe ko jibi, alhali mai shari'a a wuya kowace sa'a shekara ce a wurinsa. Dattijon da muka gani ranar farko ba kullum ake samunsa ba, sau da yawa wani yaro mai koyon aiki ake haɗa mu da shi, shi kuma ko tambaya ƙarama sai ya ce zai tambayo. Saurayin da ke jin Hausa ma ba ma'aikacin dindindin ba ne, ranar da ba ya nan sai mu koma Larabcin kasuwa, kuma Larabcin kasuwa ba ya ɗaukar maganar shari'a. Wurin zaman mata kujera biyu ne a lungu kusa da injin shayi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwangilar. Da Larabci kaɗai take, shafi huɗu, an karanta mana ita a gurguje. Sai da aka zo rubuta sharuɗɗan nafaƙa aka ce wannan aikin kotun iyali ne, ba ya cikin abin da muka biya, a ƙara riyal 1,500. Ɗaukaka ƙara ma, da mun yi, kuɗinta daban. Ba su yi ƙarya ba, a rubuce yake, amma mutanen da suka iya zaunar da mu su warware mana doka layi-layi sun iya warware mana takardarsu haka nan, ba su yi ba. Duk wanda zai je, ya tafi da mai karanta Larabcin takarda, ya sa a rubuta ƙarara ko kuɗin ya haɗa da Niyaba, da kotu, da sulhu, da ɗaukaka ƙara, kuma a rubuta sunan lauyan da zai halarci zaman da kansa kafin ya miƙa ko riyal ɗaya.