Madubin ƙara girman da na saya wa ɗiyata: abin da muka gani a wata uku

Ɗiyata tana aji biyu na babbar sakandare. Ta iya zana ƙwayar halittar tsiro da ta dabba da ka, ta jero sunayen sassansu ba gargada. Ranar da na tambaye ta ko ta taɓa ganin ɗaya da idonta, sai ta ce madubin ƙara girma, wato maikiroskof, ɗaya ne a makarantarsu, shi ma yana kulle a kabad. Abin ya tsaya mini a rai, har na daure na sayo mata ɗan ƙaramin maikiroskof na ɗalibai.

Mai ido ɗaya ne, da fitila a ƙasa mai aiki da batir, don haka ko an ɗauke wuta ba ruwanmu. Gilashin da ake ɗora ido yana ninka abu sau 10, na ƙasa kuma uku ne: 4 da 10 da 40. Idan aka haɗa sai a samu ninki 40, 100 da 400. A jikin kwalin an rubuta 1000 da manyan baƙaƙe, saboda wani gilashin ido na 25 da suka ƙara. Kada wannan ya ruɗi kowa. Mun gwada, hoton ya ƙara girma amma ya yi dishi-dishi, ba wani sabon abu da ya fito.

Da albasa muka fara. Ta ɓare siririyar fatar nan ta cikin ɓawo, ta shimfiɗa a gilashi, muka ɗiga aidin da na sayo a kemis. Ta daɗe tana murza maɓalli, can sai ta ɗago da ihu: "Abba, zo ka ga bulo!" Haka kuwa ƙwayoyin suke, a jere kamar ginin katanga, kowace da bangonta, kowace da ɗan ɗigo mai duhu wato niyukiliyas, inda bayanan gado suke. Bangon nan shi masanin kimiyya Robert Hooke ya fara gani a Ingila a 1665, a ɓawon itace, sai dai nasa matattu ne, ɗakunan ba kowa a ciki.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na gishiri. Muka ɗauki fatar waje ta jar albasa, wadda launinta ke cikin babbar jakar ruwan da ta cika tsakiyar ƙwayar. Muka ɗiga ruwan gishiri a gefen gilashin. Cikin 'yan mintuna, muna kallo, jan ya fara tsukewa yana janyewa daga bango, bangon kuwa yana nan tsaye bai motsa ba. Gishirin ne ke zuƙe ruwan ta cikin tantanin da ke jikin bango daga ciki. Muka sa ruwan zalla, ya sake kumbura ya cika wurinsa. Mahaifiyarta da ke tsaye ta ce ai shi ya sa kabeji ke zubar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri, alayyafon da ya yi yaushi kuma ya miƙe in an tsoma shi a ruwa. Gaskiyarta.

Ba mu ga kore ko ɗaya a albasa ba, domin kan albasa rumbun ajiya ne, ba ya aikin haɗa abinci da hasken rana. Sai da muka ɓare fatar ƙasan ganyen alayyafo muka ga ƙofofin numfashi, kowace tsakanin ƙwayoyi biyu masu kama da wake, da korayen ɗigo-ɗigon kuloroplas, masu haɗa abinci da hasken rana, a cikinsu.

Ƙwayar dabba ta ba mu wahala. Ta kankaro cikin kumatunta da sabon tsinken sakace, muka duba, kusan ba komai. Sai da na nemo shuɗin rinin metilin a shagon kayan gwaje-gwaje. Nan suka fito, a warwatse, ba siffa ɗaya, wasu a naɗe kamar tsumma, niyukiliyas a tsakiya, ba bango ko kaɗan. Ta yi shiru tana kallon abin da ya fito daga jikinta, sannan ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa littafi ke zana ɗaya da kusurwa, ɗaya a mulmule.

Inda ya gaza: maɓallin saitawa ɗaya ne, babu na gyara a hankali, don haka a 400 da ka taɓa tebur hoto ya gudu. Ba su sa rini ko ɗaya a kwalin ba, kuma ba rini rabin aikin ya tafi. Ta kuma so ganin maitokondiriya, mai samar wa ƙwaya ƙarfi, da raibosom mai haɗa furotin, ba ta gani ba. Raibosom kam ba laifin wannan madubin ba ne. Duk madubi irin wannan mai aiki da haske yana tsayawa a wajen 0.2 na maikiromita, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, raibosom kuma ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zane-zanen irin waɗannan ƙananan sassa da ke littafinsu daga madubin ilektiron, mai aiki da ilektiron maimakon haske, aka samo su, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1931.

Ga ɗalibin sakandare, ko malamin da ke da yara 'yan kaɗan, ya biya kuɗinsa. A haɗa da aidin, da shuɗin rini, da ƙarin gilasai, don na kwalin ba sa kai wata. Namu yanzu ranar Asabar ba ya hutawa: ƙawayenta uku ke zuwa, kowace da ganyen da ta tsinko a hanya.