Ƙananan gidajen abinci na Bankok: inda daɗin yake, da inda Musulmi zai buɗe ido

Mai zuwa Bankok sarin kaya a Pratunam, ko mai rakiyar mara lafiya asibiti, yawanci a layin Larabawa na Nana yake cin abincinsa, wato Sukhumvit Soi 3, shinkafa da gasasshen rago safe da yamma har ya koma gida. Ban ga laifinsa ba, gudun alade ne. Amma girkin mutanen Tailan na gaske ba a can yake ba, ba kuma a otal yake ba. Yana cikin shagunan nan masu ƙofa ɗaya, da teburin ƙarfe, da kujerun roba, da fanka a bango, mai girki tana bakin ƙofa tana juya kasko a gaban kowa. A ganina sun cancanci a shiga, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba: faranti ɗaya na shinkafa da mahaɗi yana kaiwa baht (kuɗin ƙasar) 50 zuwa 80 a yawancin unguwanni. Sharaɗin guda ne: shago ake zaɓa tukuna, sannan a zaɓi abinci.

Dalili kuwa shi ne, cewa "kada a sa min alade" ba ya tsarkake tukunya. Kalmomin suna da sauƙin riƙewa ga Bahaushe: alade a harshensu "mu", kada a sa alade kuma "mai sai mu". Za su ji, za su kuma cire yankan naman da ido ke gani. Wanda ido ba ya gani ne matsalar. Romon taliya a shagon da ba na Musulmi ba yawanci da ƙashin alade ake dafa shi, ko da kaza ko kifi aka ɗora a kai. Soyayyar tafarnuwar da ake barbaɗawa a sama, wasu da kitsen alade suke soya ta. Dunƙulen nama da ake jefawa cikin miya, da wainar ƙwai, da miyar ganye mai ruwa-ruwa, duk sukan zo da niƙaƙƙen alade ba tare da an rubuta ba. Taliyar da suke kira ta kwale-kwale kuwa, da jini ake kauraye romonta. Ga kasko ɗaya da ludayi ɗaya ga kowane mai saye, sai dai a ɗauraye shi da ruwa a ɗora na gaba. Ita kazar ma ba ka san wanda ya yanka ta ba.

To ba sai mutum ya haƙura ba. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma suna girka abincin Tailan irin na kowa, har da nasu na gado. Alamar shagonsu jinjirin wata da tauraro ne a koren allo, ko kalmar halal da Larabci, ko tambarin Majalisar Musulunci ta ƙasar mai kusurwa huɗu. Sau da yawa za ka ga mai girkin da hijabi. Daga Pratunam, wuri mafi kusa shi ne Phetchaburi Soi 7, layin masallacin Darul Aman. Akwai kuma kewayen masallacin Haroon a Bang Rak, da kewayen masallacin Chakraphong a Banglamphu, da unguwar Ramkhamhaeng. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi masallaci, abinci yana gindinsa.

Wanda bai taɓa ci ba ya fara da kao mok kai. Dafa-duka ce ta shinkafa da kurkum da kirfa, ana binne kazar a cikin shinkafar su nuna tare, a barbaɗa soyayyar albasa, a sa yankan kokwamba a gefe. Ba ta da yaji, kuma ba ta kai biriyanin Indiya nauyin kayan ƙamshi ba. Sirrinta yana cikin ɗan koren miyar da ke zuwa a ƙaramin kwano, na'ana'a da citta da ruwan khal da sukari. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, don idan aka juye shi gaba ɗaya zaƙi zai danne komai. Mai kyau, ƙwayar shinkafar a warware take, cinyar kazar kuma cokali yana raba ta da ƙashi. Idan shinkafar ta bushe ta yi ƙarfi a sama, tukunyar ta daɗe a buɗe ne tun safe, shi ya sa nake ba da shawarar a je kafin azahar. A haɗa da sup hang wuwa, farfesun wutsiyar sa. Wannan shi ne abin da na fi yabawa a duk girkin Musulmin Bankok. Romon garau yake, ba kauri, an daɗe ana dafa shi har jijiya ta yi laushi, sai a lokacin zubawa a matse lemon tsami, a daddaka ɗanyen barkono a sa, da tumatir da soyayyar albasa. Tsami da yaji suna yanke maiƙon wutsiyar, mutum ya sha ya yi gumi.

Massaman ma tasu ce, sunan kansa daga kalmar Musulmi ya samo asali. Miyar madarar kwakwa ce da naman sa ko kaza, dankalin Turawa, albasa, gyaɗa, tsamiya da kirfa. A duba samanta. Idan jan mai ya taso ya kwanta, an soya kayan miyar a cikin madarar kwakwa har ta fitar da mai, kamar yadda ya kamata. Idan kuwa ta yi fari-fari, sumul kamar kunu, an yi gaggawa, kuma sau da yawa irin wannan sukari ne ke cike giɓin. A wuraren da 'yan yawon buɗe ido suka fi yawa na fi cin karo da wannan aibin.

Irin shagunan kashi biyu ne, kuma kowanne da lokacinsa. Akwai na kao kaeng, inda aka jera tire-tire na miya da soye-soye, ka nuna biyu ko uku a zuba maka a kan shinkafa. Ba ya buƙatar harshe, yatsa ya isa. Amma da asuba ake girka shi, kuma ba kowane shago ke ajiye shi a kan wuta ba. Miyar kwakwa ba ta jure zafin Bankok, don haka daga safe zuwa tsakar rana ne lokacinsa, bayan nan a bar shi. Na biyun shi ne tam sang, wato a girka maka abin da ka ce nan take. A nan ake gane hannun mai girki, kuma ma'aunin da nake auna su da shi pad kaprao ne. Ana daka tafarnuwa da barkono, a jefa a mai mai zafi, a zuba niƙaƙƙen nama, a sa ruwan kifi (tsimin kifi da gishiri) da ruwan waken soya da na kawa da ɗan sukari, a ƙarshe a watsa ganyen kaprao, dangin ɗoɗɗoya, a sauke. Minti 2 zuwa 3 ke nan. A ce a ɗora khai dao, soyayyen ƙwai mai ƙurus-ƙurus a baki, kwanduwarsa ba ta daskare ba. Idan wutar ta yi kaɗan naman yakan tsatso ruwa ya zama dafaffe. Idan ka ga karas da masara da wake sun fi ganyen yawa, an yi maka ƙwange ne. A kula da furuci: kaza "kai" ce, ana faɗinta kusa da "gai", ƙwai kuma "khai" ne da fitar iska. Wanda ya haɗa su zai iya samun ƙwai a maimakon kaza.

Som tam na bukatar bayani na musamman, don a nan baƙi suka fi ƙonewa. Kwaɗon ɗanyar gwanda ne. Mai yin sa tana da turmin ƙasa da taɓaryar katako a hannu ɗaya, cokali a ɗayan. Ta fara da tafarnuwa da barkono, sai sukarin giginya ko na kwakwa na ƙasarsu mai kama da mazarƙwaila, lemon tsami, ruwan kifi, busasshen jatan lande, ɗanyen wake dogo, tumatir, gyaɗa, sannan gwandar da aka fere siri-siri. Ba dakan lugude take yi ba, bubbugawa take tana juyawa don ruwan ya shiga. Yajin da ƙidaya ake sayensa. Barkononsu ƙanana ne irin tsiduhu, kuma suna da zafi ƙwarai. Ka ce "prik nueng met", ƙwaya 1, ko "song met", ƙwaya 2. Wanda ya saba da attarugu zai iya ɗaukar 2 ko 3. Ko ka ce "mai pet", ba yaji, za ka ji shi, saboda ba a wanke turmin tsakanin mai saye da mai saye. Sannan a ambaci irin da ake so. Som tam tai shi ne mai gyaɗa, mai ɗan zaƙi. Som tam pu pla ra kuwa na mutanen Isan ne, arewa maso gabas, da ɗanyar ƙaguwa mai gishiri da ruɓaɓɓen kifi. Masu shi suna ji da shi, amma cikin baƙo ba ya ɗauka. Abin da zan hana kai tsaye shi ne koi pla, kwaɗon ɗanyen kifin ruwan daɗi, domin yana ɗauke da tsutsar hanta da aka tabbatar tana jawo kansar hanyar maɗaciya a yankin. Som tam da gasasshiyar kaza yake tafiya, da shinkafa mai danƙo a ɗan kwando, wadda ake gutsura da hannu a dunƙula a dangwala.

Warin ruwan kifi kada ya tsorata kowa. Ƙananan kifin teku ne da gishiri ake tsumawa shekara ɗaya ko fiye, shi ne gishirinsu. Kapi kuma, na ƙananan jatan lande, aikin daddawa yake yi musu: a hanci ba daɗi, a miya ba a yi sai da shi. Mai bin mazhabar Malikiyya ba shi da damuwa da abin da ya fito daga teku. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko gyaɗa ne zai yi taka-tsantsan, don suna ɓuya a cikin miya da kwaɗo.

Tom yam kung, farfesun jatan lande mai tsami da yaji, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2024, iri biyu ne: nam sai mai romo garau, da nam kon da ake ƙara wa madara da soyayyen yaji. Na fi son na farko, don a nan ba a iya ɓoye tsohon jatan lande. Ciyawar lemo da yankan saiwar nan mai kama da citta da ganyen lemon da ke yawo a ciki don ƙamshi aka sa su, ba a taunawa. Idan romon ya yi ɗaci, an matse lemon tsami ne tukunya tana kan wuta. Pad tai kuwa, soyayyar taliyarsu, duk da sunan da ya yi a duniya, ba shi ne abin da zan tura mutum ya nema da farko ba. A shaguna da yawa zaƙi ya yi masa yawa, taliyar kuma ta cuɗe.

Sukari shi ne babban ƙorafina da girkin Bankok gaba ɗaya. Yana cikin miya, yana cikin suya, yana cikin kwaɗo, shayinsu mai ƙanƙara kuwa madarar gwangwani mai zaƙi ce ginshiƙinsa. Mai ciwon sukari, musamman wanda ya zo ganin likita, ya riƙe "mai wan", ba zaƙi, ko "wan noi", zaƙi kaɗan, ya kuma fi karkata ga farfesu da gashi. A teburin taliya za ka tarar da kwalabe 4: sukari, dakakken barkono, ruwan khal mai barkono, da ruwan kifi. Da gangan ake kawo romon da ɗan lami don kowa ya daidaita nasa. A ɗanɗana tukuna, a ƙara rabin cokali, a sake ɗanɗanawa.

Idan ana da yawa, kada kowa ya sayi farantinsa. Mutum 4 su ce a kawo miya mai romo ɗaya, mai kwakwa ɗaya, suya ɗaya, kwaɗo ɗaya, kowa da shinkafarsa. Ba su da tsarin wannan kafin wancan, wanda ya nuna shi ake kawowa. Ana ɗiba da cokalin tsakiya, cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda, ba a malale shinkafa da miya. Cokali a dama shi ke zuwa baki, mai yatsu a hagu turawa kawai yake yi, tsinken cin abinci kuma na taliya ne. Ba a kawo wuƙa, don an riga an yanka komai daidai loma.

Tsabta a irin waɗannan wurare da ido ake auna ta. Shagon da ma'aikatan ofis da 'yan acaɓa suka cika shi, kayansa ba sa kwana. A dubi inda ɗanyen nama yake, ko a kan ƙanƙara ne ko a rana, a dubi ruwan wanke-wanke. Ruwan famfo ba a sha, a ce "nam plao" a kawo na gora. Ƙanƙara mai rami a tsakiya ta kamfani ce. Masu sayarwa a gefen titi da yawa ba sa fitowa ranar Litinin, don haka a ranar a nufi shago mai gini.

Mai hidimar da ta girme ka "pi" ake ce mata, ƙarama kuma "nong". Namiji ya rufe maganarsa da "krap", mace da "ka". Idan an gama a ce "kep tang", za ta zo ta ƙirga faranti ta faɗi kuɗi. A riƙe takardun 20 da 50 da 100, don ta 1,000 tana wahalar da su wajen canji, biyan kuɗi ta waya kuma yawanci sai mai asusun bankin ƙasar. Ba a sa ran ka bar musu wani abu a ƙaramin shago. Manyan gidaje masu na'urar sanyi ne ke ƙara kashi 10 na hidima da kashi 7 na haraji. Kafin a tashi daga shagon Musulmi a tambaya ko akwai roti, wato wainar fulawa da ake soyawa a kasko, ko mataba mai cushen nama da ake ci da kokwamba a ruwan khal. Idan kuma zuwan ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin mangwaro ne, a nemi shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da nunannen mangwaro a gefe, a zaɓi wanda aka yanka a gabanka.