Leaflet: Sauƙin Haɗa Taswira, da Wahalar Gano Inda Ta Lalace

Leaflet laburaren JavaScript ne na saka taswira a shafin intanet. Volodymyr Agafonkin ne ya fitar da shi a 2011, kyauta ne, kuma nauyin sigarsa ta 1.9.4 kusan kilobait 42 ne idan an matse shi. Layi biyar ko shida sun isa taswira ta fito da alama a kanta. A nan babu abin kushewa.

Aibinsa shi ne shiru. Idan abu ya lalace, sau tari ba ya cewa uffan, sai mutum ya ga farin fili ko toka-toka. Mafi yawan abin da ake ɗora wa Leaflet laifinsa daga wajen mai haɗa shafin yake, amma da yana yin gargaɗi, da an huta.

Ɗauki farin fili. Akwatin da taswirar ke zaune a ciki dole a ba shi tsawo a CSS, misali piksel 400. In ba a ba shi ba, tsawonsa sifili ne, taswirar na nan amma ido ba ya ganinta. Idan kuma tayil-tayil ɗin, wato ƙananan hotuna masu piksel 256 a kowane gefe da ake jerawa su zama taswira, suka fito a warwatse, an manta da fayil ɗin leaflet.css ne. Taswirar da aka gina a cikin ɓoyayyen akwati kuwa takan fito rabi da rabi, domin Leaflet ya auna girman akwatin tun yana rufe. Maganinta a kira invalidateSize bayan an buɗe shi.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne jerin lambobi. Leaflet yana fara da latitud sannan longitud, GeoJSON kuma, wato tsarin rubuta bayanan wurare a fayil, akasin haka. Landan tana 51.5 da -0.09; juya su, sai alamar ta faɗa Tekun Indiya, gabas da Somaliya. Babu gargaɗi, tunda duka lambobin halal ne. L.geoJSON yana juya su da kansa, to amma mai ciro lambobin da hannu ya miƙa wa L.marker shi ke shan wahala.

Akwai kuma wanda laifin Leaflet ne kai tsaye: hoton alama yakan ɓace idan an haɗa Leaflet da Webpack, manhajar da ke tattara fayilolin JavaScript wuri guda, saboda yadda Leaflet yake laluben inda hotunansa suke. Sai an nuna masa hanyar da hannu.

Abin da ke wanke shi a wurina shi ne sauƙin keɓe matsala. A buɗe fayil ɗin HTML guda, a sa Leaflet kaɗai da tayil na OpenStreetMap (taswirar duniya ta kyauta), a riƙa mayar da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya har matsalar ta dawo. A danna F12 a burauza a duba saƙonnin kuskure: 404 na nufin adireshin tayil ba daidai ba ne, 403 kuma sabar ce ta ƙi. Wanda zai nemi taimakon wani, wannan ɗan fayil ɗin zai kai masa, tare da lambar siga, sunan burauza, ainihin saƙon kuskuren a rubuce, da abin da ya sa ran gani. Hoton allo kaɗai bai isa a gano matsalar ba. A cire mabuɗin API, wato lambar sirrin da sabar tayil ke bayarwa, kafin a tura.

Tayil na OpenStreetMap ba na kowa-ya-ɗiba ba ne: dole a rubuta sunansu a kan taswirar, kuma suna toshe mai jan su da yawa.

Ga taswirar shago, makaranta ko ɗaruruwan alamomi, Leaflet ya wadatar. Alamomi suka kai dubbai, burauza za ta fara nauyi, sai an ƙara Leaflet.markercluster, wanda ke dunƙule alamomin da ke kusa da juna. Mai aiki da tsarin awo da ba EPSG:3857 ba, wato tsarin da taswirorin intanet suka saba amfani da shi, zai fi samun sauƙi da laburaren OpenLayers, mai son juya taswira ko karkata ta kuma ya nemi MapLibre GL JS, don Leaflet ba ya yin wannan da kansa.