Babban babur na hannu don hanyar Tamale: ni dai Bandit

Kusan duk Juma'a idan aka sauko daga masallaci a unguwar Aboabo ta Kumasi sai wani ya tare ni: "Yaya, wane babban moto zan saya na zuwa Arewa?" Tunda an san ni da zaryar Tamale da Bolga a kan babur, bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Ina magana ne a kan manyan baburan nan masu gilashin tare iska, waɗanda aka ƙera don gudu da doguwar tafiya, na hannu, irin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema muna ce musu hom-yus.

Ni Suzuki Bandit 1250S nake hawa, kuma shi zan ce ka saya. Ya fito a 2007, injinsa silinda huɗu ne, cc 1255, mai lagireto, ba ya amfani da kafireto irin na yayansa Bandit 1200. Abin da ya sa na maƙale masa shi ne ƙarfinsa a ƙasa yake, tun injin bai kai juyi 4,000 a minti ba ya riga ya ba ka duk jan da yake da shi. Wanda ya san hanyar Tachiman zuwa Kintampo ya san amfanin wannan. Kowane ƙauye da tudun rage gudu, ga tireloli masu zuwa Burkina sun yi jerin gwano. Da Bandit sai ka bar shi a giya ta biyar ko ta shida, ka murɗa kaɗan, ka wuce tirela ba tare da ka yi ta wasa da kuloci ba. Kilomita wajen 380 ne daga Kumasi zuwa Tamale, wuyan hannunka zai gode maka.

Sannan gangar jikinsa bututun ƙarfe ne, ba alminiyam ba. Idan mariƙin akwati ko na salansa ya tsage, mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, zai ɗinke maka kafin ka gama cin waake. Robobin jikinsa ma rabi ne, in ya faɗi a tsaye ba za ka yi kuka da yawa ba. Aibinsa? Tankin lita 19 ne kawai, don haka ni a Kintampo nake ƙara mai ko da bai nema ba. Yana da nauyi, kilo wajen 250. Shok ɗin baya kuma in ka ɗauko Hajiya da kaya sai ya yi laushi. Duk na yafe masa.

Yamaha FJR1300 babur ne na gaske, ba zan ci amanarsa ba: tanki lita 25, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ke juya tayar baya. Amma ya fi Bandit nauyi sosai, kuma waɗanda aka yi kafin 2006 suna gasa cinya, a zafin Walewale na watan Maris kuwa ba ka buƙatar ƙarin murhu. Honda VFR800 kukan injinsa daɗi, sai dai tsofaffin an san su da ƙona na'urar da ke daidaita cajin batir, kuma zamansa na durƙuso ne. Kawasaki Z1000SX na yara masu sauri ne. BMW R1200RT kuwa, in kana da ɗa a Jamus mai aiko da kayan gyara, bismilla.

Sai dai duk wannan zaɓe-zaɓen ba shi ne ya taɓa cin kuɗina ba. Babban babur ɗina na farko wajen wani dillali na saye shi, mutum mai carbi a hannu da bakin zuma. "Alhaji, takardu fes, ka hau kawai." Na hau ɗin. Wata na uku aka tsayar da ni a shinge, jami'in ya durƙusa ya haska wuyan babur da tocilan wayarsa, ya karanta lambar shasi harafi-harafi yana duba takarda. Guda ɗaya ta bambanta, 3 a takarda, 8 a ƙarfe. Ashe ta kan iyaka aka shigo da shi ba a biya kuɗin kwastan ba, aka lanƙaya masa takardun wani. Dillali kuwa layinsa har yau a kashe.

Saboda haka ka ƙirga lambar nan da kanka, guda 17 ce. Ka shafa wurin da yatsa. In ka ji kaushi, ko fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, an yi goge. Ka nemi takardar biyan kwastan ta asali, ba hoto a WhatsApp ba, ku je tare da mai shi ofishin DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, a yi canjin suna kafin ka cika kuɗi. Wanda ya ce "sai gobe, yau ina sauri", bar masa kayansa.

Kada ka yarda da agogon kilomita, ana sauya shi kamar riga. Dubi robar matakin ƙafa da farantin birki, su ba sa ƙarya. In gefen farantin ya yi tudu har farce na kamawa, babur ya sha hanya ko da agogo na cewa 15,000. Da yawa daga na Amurka a gwanjon waɗanda suka yi hatsari ake kwaso su, a sa musu sababbin robobi. Ka ɗora shi a kan jakin tsakiya, wani ya danne baya, ka juya kan hagu da dama a hankali. In ya cije a tsakiya, ko ƙarfen da ke tare kan ya lotsa, ya taɓa cin ƙasa da ƙarfi. Na Turai kuma leƙa ƙarƙashi, gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cin bututun salansa.

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin. In da ɗumi, an tashe shi kafin ka iso don a ɓoye wani abu. Masta ɗina na Magazine, wanda ba na sayen ko keke sai da shi, yana buɗe murfin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ya ce: "Oga, wannan kauri ba na Allah da Annabi ba ne, ƙara ake rufewa." Taya ma ana shafa mata mai ta yi ƙyalli. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2316 na nufin mako na 23 na 2016. In ta haura shekara biyar ko shida, cire kuɗin sababbi biyu daga farashin tun kafin a ce albarka.