Darussan murya kan hassadar 'yan'uwa: sun kama nassi, sun saki mai sauraro

Darussa tara ne na sauraro a waya, kowanne bai wuce minti 20 ba, duka a kan hassada da girman kai tsakanin waɗanda suka fito tsatso ɗaya. Uku na farko sun ɗauki 'ya'yan Annabi Adamu biyu, huɗu Annabi Yusuf da 'yan'uwansa, biyun ƙarshe kuma magani. Ana sauke su a saurara ba da intanet ba, muryar tana fita tangaran. Sai dai babu alamar da za ta kai mutum kan aya kai tsaye. Mai son komawa aya ta 27 ta Ma'ida sai ya yi ta jan layi gaba da baya da yatsa.

Inda suka fi ƙarfi shi ne raba abin da Alƙur'ani ya faɗa da abin da aka ɗora masa. Malamin ya bayyana cewa ayoyi 27 zuwa 31 na Suratul Ma'ida ba su ambaci sunan Habila ko Ƙabila ba, ba su kuma faɗi abin da kowanne ya miƙa ba. Cewa ɗaya manomi ne ɗaya makiyayi yana cikin Littafin Farawa na Baibul sura 4 da littattafan tafsiri, rigimar auren tagwaye kuwa Isra'iliyya ce, wato labarin da aka ɗauko daga Ma'abota Littafi. Da aka cire waɗannan sai amsar wanda aka kashe ta tsaya ita kaɗai: Allah daga masu taƙawa kawai yake karɓa. Mai hassadar da hukuncin Allah yake faɗa, ɗan'uwansa ne kawai hannunsa ya iya kaiwa.

Darasi na biyar ya cancanci a saurare shi sau biyu. Ya tsaya kan aya ta 8 ta Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan suka ce Yusuf da ɗan'uwansa sun fi soyuwa ga babansu alhali su ne jama'a masu ƙarfi. Nan girman kan yake: sun auna cancanta da yawa da ƙarfi, irin ma'aunin Iblis a A'araf aya ta 12 da ya ce wuta ta fi yumɓu. Sai aya ta 9, wadda masu ba da ƙissa kan tsallake: ku kashe shi ko ku jefar da shi, bayan nan ku zama mutanen kirki. Sun tanadi tuba kafin su yi laifin. Wanda ya taɓa zaman sulhun rabon gado ya san wannan lissafin, "bari mu gama da shi tukuna, daga baya a nemi gafara".

An kuma kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir na Bukhari da Muslim, wanda Annabi (SAW) ya ƙi shaida kyautar da uba ya keɓe ɗa ɗaya da ita, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Daidai ne, domin galibi 'yan'ubanci daga hannun uba yake samun iri.

Kurakuran biyu ne. Ƙaramin shi ne hadisin hassada tana cin lada kamar yadda wuta ke cin itace: an karanta shi daga Abu Dawuda ba a ce komai ba kan cewa malaman hadisi da dama sun raunana shi. Ga darussan da suka tsananta wajen tantance ƙissa, wannan sakaci ne, alhali "kada ku yi wa juna hassada" yana nan a Bukhari da Muslim.

Babban kuwa ya shafi yadda aka sa mai sauraro ya zauna. Daga darasi na shida zuwa ƙarshe ana magana da shi a matsayin wanda ake yi wa hassada: ɓoye mafarkinka, karanta Falaƙi, hassada ga mai rabo taki ce. Kowa zai cire abin kunne yana jin shi ne Yusuf. To su wa suka rage su zama 'yan'uwansa masu hassadar? Ba a ba da ko minti biyar ga mutumin da zuciyarsa ke ƙuna idan ƙanensa ya gina gida ba, alhali shi ne mai bukatar matakai: ya yi wa ɗan'uwan addu'ar albarka da baki, ya riƙe harshensa, ya roƙi Allah daga falalarsa kamar yadda Nisa'i aya ta 32 ta umarta. Haka kuma an bar falala tana kama da dukiya. Ayoyi 15 zuwa 17 na Suratul Fajri, waɗanda suka ƙaryata cewa yalwa girmamawa ce kuma ƙunci wulaƙanci ne, ba su fito ba ko sau ɗaya. Mai wadatar da ke raina yayansa zai saurara ya ƙara kumbura.

Malamin makaranta ko uba mai son zama da 'ya'yansa zai amfana da darasi na ɗaya zuwa na biyar yadda suke. Sauran huɗun suna bukatar wanda zai tsayar da sautin ya cike giɓin, musamman ma'anar girman kai da ke cikin hadisin Muslim, ƙin gaskiya da raina mutane, wadda aka ambata a jimla ɗaya a darasi na takwas aka wuce.