Sharhi: yawon yini guda zuwa Bursa daga Istanbul, abin da muka biya da abin da muka gani

Kwana takwas muka yi a Istanbul a watan Fabrairu, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Hajiya har yau Santambul take ce wa garin, yadda ta ji a bakin iyayenta. Kwanaki huɗu na farko mun ba birnin haƙƙinsa. Mun yi salla a Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmet, mun shiga fadar Topkapi, mun ziyarci hubbaren sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, maiɗakina kuma ta zaga shagunan Laleli har ƙafa ta kumbura. A daren kwana na huɗu ne muka zauna shawarar mu ɗan leƙa wajen gari kafin mu koma Kano.

Wurare uku ne a gabanmu. Maiɗakina Kapadokiya take so, saboda balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane da asuba. Da muka yi lissafi sai muka ga ba ta yini guda ba ce. Sai an hau jirgin sama zuwa Kayseri ko Nebshehir, a kwana aƙalla biyu, kuma a lokacin sanyi iska na iya hana balan-balan tashi bayan ka gama kashe kuɗinka. Tsibirin Buyukada yana kusa, jirgin ruwa ne kawai, amma tun 2020 aka hana keken doki a can, kuma daɗin wurin a yawon ƙafa yake, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Saura Bursa. Ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko, Orhan ɗan Usman ya ci ta a 1326, shekara 127 kafin a ci Istanbul ɗin kanta. Da na gaya wa Hajiya akwai wani tsohon masallaci mai ƙubba 20 a can, sai ta ce, "To ai magana ta ƙare, can za mu."

Ma'aikacin otal ɗinmu ya miƙo min takardar tallar wani kamfanin yawon buɗe ido. Mota har ƙofar otal, ɗan jagora, abincin rana, dutsen Uludag da dusar ƙanƙara, da abin da suka rubuta a matsayin wuraren tarihi na Bursa. Kuɗin mutum ɗaya bai kai na kwana ɗaya a ɗakinmu ba. Na biya na mutum uku nan take.

Ƙarfe takwas saura aka ɗauke mu, gari bai gama wayewa ba, domin a watan Fabrairu rana ba ta fitowa da wuri a can. Motar mai kyau ce, tsaf, da na'urar ɗumama ciki, direban kuma natsattse. Sai dai mu ne na farko da aka ɗauka, don haka muka shafe fiye da awa ɗaya ana bin otal-otal cikin cunkoson safiya ana kwasar sauran fasinja, mafi yawansu Larabawa masu iyali. Ɗan jagoran yana magana da Larabci da Turanci, yana da fara'a, kuma tun da ya ga Hajiya da sanda ya sa aka bar mata kujerar gaba. Wannan ba zan manta masa ba.

Abin da ya fi min daɗi a safiyar shi ne tsallaka ruwa. A Eskihisar motar ta shiga cikin jirgin fito gaba ɗayanta, muka fito muka hau bene. Ga gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016, ta miƙe can gefe kamar an ja zare a kan teku. Fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin, yara suna jefa musu gutsuren burodin simit suna cafewa a sama. Hajiya ta riƙe ƙaramin kofin shayi da hannu biyu tana ta salati. Sanyi yana yanka kunne, amma babu wanda ya so ya koma ciki.

Daga nan al'amura suka fara canjawa. Muna sauka aka tsaya a wani fili inda ake hayar babura masu ƙafa huɗu, kuɗin daban ne, wanda bai hau ba ya zauna ya jira. Mun jira kusan awa ɗaya. Aka wuce wani katafaren shagon alewar lokum, aka rarraba mana ɗanɗano, aka yi jawabi, aka sake mu cikin shago. Bayansa shagon zuma da man shafawa. Farashin lokum ɗin ya fi wanda muka gani a kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu nesa ba kusa ba, kuma ba sai an gaya maka akwai la'ada a tsakani ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban ga laifin mutum ya ci la'adarsa ba. Abin da ya yi min ciwo lokaci ne. Duk minti ɗin da muka yi a tsaye gaban kwalaben zuma, daga na masallatai aka yanko shi, kuma babu wanda ya gaya mana haka kafin mu biya.

An tsaya a ƙarƙashin tsohuwar bishiyar Inkaya, wadda aka ce ta haura shekara 600. Ta cancanci kallo, rassanta kaɗai sun kai kaurin kututturen wata bishiyar. Daga nan mota ta kama hawan Uludag. Dutsen tsayinsa mita 2,543, hanyar kuma kwana ce bisa kwana, duk mai jin jiri a mota ya shirya. Kafin a isa sama aka tsaya a shagon hayar takalma da rigunan ƙanƙara, shi ma kuɗi daban. A nan kam ina ba da shawara a yi hayar takalmin, domin namu na gida ba ya riƙe ƙasa, kuma minti goma ya isa ruwa ya ratsa safa. Abincin rana gasasshen nama da kaza ne da shinkafa da salak, da zafinsa, ya ƙosar. Akwai ƙaramin ɗakin salla kusa, muka haɗa Azahar da La'asar.

Gaskiya dusar ƙanƙarar ta burge mu. Maiɗakina ba ta taɓa ganinta ido da ido ba. Ta cire safar hannu ta damƙi guda, ta tsaya tana kallon yadda take narkewa a tafinta, ta ce min, "Abban yara, wallahi kamar garin rogo, sai dai tana cizo." Saukowa kuma a cikin akwatin gilashi mai tafiya a kan igiyar ƙarfe muka yi, suna ce masa teleferik, tafiyar kusan kilomita tara. Itatuwa sun yi fari fat a ƙarƙashinmu, can sai hazo ya yaye, ga Bursa shimfiɗe fitilunta sun fara kamawa.

Fitilun nan su ne damuwata. Rana ta faɗi, ba mu taka cikin garin ba.

Aka kai mu Koren Masallaci bayan Magariba, aka ce minti ashirin da biyar, har da hubbaren Sultan Mehmet na Ɗaya da ke tsallaken hanya, wanda ya rasu a 1421. Cire takalmi, salla, taimaka wa Hajiya a matakala, lokaci ya tafi. Tayil ɗin nan masu launin kore da shuɗi da suka ba wurin suna, a guje muka gan su. Na tambayi ɗan jagora yaushe za mu babban masallacin nan mai ƙubba 20. Ya ce ba ya cikin shirin yau, cunkoso ya yi yawa a tsakiyar gari, kuma dole mu kama hanya. Na ciro takardar na sake dubawa. Ba su rubuta sunansa ba, wuraren tarihi kawai suka ce. Ba su yi ƙarya ba, amma sun bar mai karatu ya zaci abin da ba za su ba shi ba. Hajiya ba ta ce komai ba har muka shiga mota. Can ta ce a hankali, "Ashe ba mu da rabon ganinsa." Mun isa otal wajen sha ɗaya na dare, awa goma sha biyar a waje, amma ba mu yi fiye da rabin awa a cikin tarihin da ya kai mu ba.

Maganar Hajiya ta hana ni barci. Muka huta yini ɗaya, washegarinsa muka koma da kanmu. Akwai jirgin ruwa mai sauri daga Istanbul zuwa Mudanya, garin bakin teku da ke kusa da Bursa, tafiyar kusan awa biyu, a zaune cikin ɗumi. Na sayi tikiti ta intanet tun dare, na kuma duba da safe ko jirgin zai tashi, don a lokacin sanyi iskar kudu da suke kira lodos takan sa a soke tafiya. Daga Mudanya ana iya hawa bas a haɗa da jirgin ƙasan cikin gari har tashar Shehrekustu, amma saboda Hajiya tasi muka ɗauka. Kafin Azahar muna ƙofar masallacin.

Ulu Jami suke ce masa, wato babban masallaci. Sultan Bayazid na Ɗaya ne ya gina shi tsakanin 1396 da 1399. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne ya yi bakancen gina masallatai 20 idan ya yi nasara a yaƙin Nikopolis, da ya yi nasarar sai aka ba shi shawara ya gina guda ɗaya mai ƙubba 20. Ba irin masallatan Istanbul ba ne masu ƙubba ɗaya da ke sa wuya ya gaji da kallon sama. Wannan a shimfiɗe yake, manyan ginshiƙai 12 sun rarraba shi, duk inda ka zauna sai ka ji kamar ɗakinka ne. A tsakiyarsa, a cikin masallacin ba a waje ba, akwai wurin alwala na marmara, ruwa yana zuba daga tasa zuwa tasa, haske yana saukowa kansa ta ƙubbar gilashi. A nan na yi alwala. Ruwan da sanyi, ƙararsa kuma tana bin ka har cikin sahu.

Sai rubutun. Bango da ginshiƙai duk zayyana ce, sunayen Allah da ayoyi, wasu haruffan sun fi mutum tsayi. Hajiya ta yi karatun allo, idonta kuma ya yi rauni, ta daɗe ba ta karanta komai ba sai da tabarau. A nan ba ta buƙace shi ba. Ta tsaya gaban wani ƙaton harafin wawu ta daɗe, sannan ta bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya tana karantawa a fili, maiɗakina tana riƙe da hannunta. Mumbarin na katakon goro ne irin na ƙasarsu, ƙananan guntaye aka sassaƙa aka harhaɗa ba ƙusa. Awa biyu muka yi a ciki, babu mai duba mana agogo.

Fita kaɗan daga masallacin sai Koza Han, kasuwar siliki da Bayazid na Biyu ya gina a 1491, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Bene ne mai hawa biyu kewaye da tsakar gida, da ɗan ƙaramin masallaci a tsakiya, ƙasa masu shayi, sama shagunan mayafai. Ana ciniki sosai, kuma ba duk abin da ke sheƙi ne siliki ba, sai an taɓa an tambaya. Maiɗakina ta san kaya, ta zaɓa wa Hajiya mayafi ruwan toka bayan ta sa mai shago ya sauko da kusan goma. Muka ci kebab ɗin Iskandar, wanda asalinsa ɗan garin ne: nama yankan sirara a kan gutsuren burodi, miyar tumatir, kindirmo a gefe, sai mai kawo abinci ya zo da man shanu yana tafasa ya kwarara a kai a gabanka. Daga nan tasi ya hau da mu Tophane, inda hubbaren Usman da na ɗansa Orhan suke. Girgizar ƙasa ta 1855 ta rushe na asali, waɗanda ake gani yanzu an sake gina su ne a 1863. Ƙanana ne, ba ƙawa mai yawa, ga garin duka a ƙarƙashinka.

Idan aka ce in ba kamfanin maki, zan ba su biyar cikin goma. Mota, direba, abinci da mutuncin ɗan jagora ba su da aibu. Mai yara ƙanana wanda burinsa su taɓa ƙanƙara su hau teleferik, ba ya son wahalar neman hanya, wannan yawon zai biya masa buƙata, sai dai ya riƙe ƙarin kuɗi a aljihu don takalma da sauran abin da ba ya cikin farashi. Amma wanda masallatai da tarihi suka ja shi, kada ya biya sai ya sa an rubuta masa sunan Ulu Jami da Koza Han a cikin shirin, da ƙarfe nawa za a isa, da shago nawa za a tsaya a hanya. In sun yi ta kwana-kwana, ya hau jirgin Mudanya. Zuwanmu na biyu, da tikitin jirgi da tasi da abinci, kusan abin da muka kashe ke nan a na farko idan aka haɗa da ƙananan kuɗaɗen da aka yi ta karɓa a hanya.

Ƙauyen Jumalikizik, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tare da Bursa a 2014, ba mu samu zuwa ba. Hanyoyinsa na duwatsu ne masu hawa, ba za su yi wa gwiwar Hajiya ba, jirginmu na komawa kuma na yamma ne. A tashar Mudanya muka yi Magariba, Hajiya ta yafa sabon mayafinta a kan rigar sanyi, muka shiga layi.