Bayan Digiri a Ingila: Zama Can Ko Dawowa Gida?

Ƙanena ya kusa kammala karatun kwamfuta a Ingila, kuma burinsa ya kafa kamfanin fasaha. Mahaifinmu yana Ringim yana ta tambaya, yaushe yaron nan zai dawo?

Idan ya zauna can, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, ga masu zuba jari a kusa. Sai dai bizar ɗalibta ba ta ba shi damar buɗe kasuwancin kansa, sai ya samu wadda ake bayarwa bayan kammala karatu, ita ma tana da wa'adi. Kuɗin haya kuwa, Allah ya kyauta.

Dawowa gida ce ta fi kwanta mini a rai, duk da wahalarta. Zai yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kuma dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022 tana nan. Amma abin da ya fi wannan shi ne matsalolin da ke gaban idonsa. Manomin riɗi ko zoɓo a ƙauyenmu yana sayarwa ba tare da sanin farashin kasuwar Maigatari ba, dillali ne ke cin ribar guminsa. Ƙanena ya san wannan manomin, ya san ba ya karanta boko, saƙon murya da Hausa zai fi masa amfani. Wanda ke Landan ba zai gane haka ba.

Sola dai dole ya saya. Na ce masa ni zan biya rabi.